Hidimar da Ba a Tafa Mata: Fashin Baƙi kan Amincin Kirista a Aikin Yau da Kullum

Matar da ta kwashe shekaru tana jinyar mijinta da ɓarin jikinsa ya shanye, da dattijon da ke buɗe ƙofar majami'a tun kafin kowa ya iso, da malamin da ke koya wa ƙananan yara Maganar Allah a wani lungu ranar Lahadi, shin aikin da suke yi wa Allah ya kai na mai wa'azin da dubban mutane ke sauraro? In da baki ne, babu Kiristan da zai ce bai kai ba. Amma a duba wanda ake ba kujerar gaba, da wanda ake buga hotonsa a allon talla, da wanda matasa ke burin zama irinsa, za a ga abin da baki ya faɗa bai kai zuci ba.

Maganar ta sake ɗaukar zafi ne saboda wayar hannu. Yanzu da wuya a kai wa marayu tallafi ba tare da wani ya ɗaga waya yana ɗauka ba, kuma kafin a dawo gida bidiyon ya karaɗe Facebook da TikTok. Wasu na cewa riya ce tsagwaronta. Wasu na cewa ai shaida ce, kuma da haka ake jawo masu taimako. Ana cikin wannan ja-in-ja, akwai ɗimbin mutane da ba su sa baki amma abin na ci musu rai, wato waɗanda aikinsu ba ya ɗaukuwa a kamara, har sun fara tambayar kansu ko rayuwarsu ta tafi a banza. Saboda su ne nake ganin ya kamata a warware zancen dalla-dalla, domin an cakuɗa abubuwa biyu da Littafi Mai Tsarki ya raba: abin da aka umarci mai hidima ya yi, da abin da aka umarci jama'a su yi masa.

Me ake nufi da aminci a ɓoye?

Aminci a nan riƙon amana ne. A danƙa maka abu, ƙarami ko babba, a tafi a dawo a same ka a kansa. Bulus ya taƙaita shi a 1 Korantiyawa 4:2, inda ya ce abin da ake nema ga wanda aka ba amana shi ne a same shi amintacce. Yau da gobe ce ke gwada shi. Kowa na iya yin abin kirki rana ɗaya in ana kallo, amma ranar da jiki ya ƙi, ba mai kallo, kuma ba wanda zai lura ko an tsallake, ita ce ke nuna ko akwai aminci.

Tawali'u kuwa shi ne mutum ya san matsayinsa a gaban Allah har ya daina auna kansa da na kusa da shi. Ya sha bamban da raina kai. Wanda ya iya abu, aka nemi ya yi, ya ce bai iya ba don a ce yana da kunya, ƙarya ya yi.

Da aka ce "a ɓoye", kada a ɗauka sai mutum ya gudu daga jama'a. Mafi yawan irin wannan hidima a gaban kowa ake yin ta, ido ne kawai ba ya tsayawa a kanta. Kowa na zama a kan bencin da aka goge, ba mai tambayar wa ya goge. Kuma akwai ɓoyon da Yesu ya tsawata a kansa. A misalin talanti, Matiyu 25:14-30, bawan da aka ba talanti ɗaya, wato wani adadin kuɗi mai yawa, ya haƙa rami ya binne shi saboda tsoro, ubangidansa ya kira shi mugun bawa, malalaci. Saboda haka wanda ya noƙe don gudun ɗaukar nauyi ba shi da mafaka a wannan koyarwa.

Abin da Yesu ya faɗa, da yadda ya yi zamansa

Luka 3:23 ya ce Yesu yana da wajen shekara 30 lokacin da ya fara aikinsa a fili. In aka cire labarin haihuwarsa da tafiyarsa Haikali yana ɗan shekara 12, Linjila ba ta ba da labarin sauran shekarun ba. Da ya koma Nazarat yana koyarwa, mutanen garin suka ce, ashe ba masassaƙin nan ba ne, ɗan Maryamu? (Markus 6:3). Da sana'arsa suka san shi. Ga Kiristan da ya gaskata cewa Yesu bai yi zunubi ba, kuma ya faranta wa Uba rai a kowace rana, ma'anar wannan babba ce: shekarun sassaƙa ma biyayya ce cikakkiya. Muryar Uba da ta ce ya ji daɗinsa ƙwarai ta zo ne daga Sama lokacin baftismarsa a Kogin Urdun, tun bai yi wa'azi ko ɗaya a gaban taro ba.

Koyarwarsa ma haka take. A Matiyu 6:1-4 ya ce in za ka yi sadaka kada ka busa ƙaho, kada ma hannunka na hagu ya san abin da na dama ke yi, Ubanka mai ganin abin da ke ɓoye zai sāka maka. Masu yi don a gani kuwa, ya ce sun riga sun karɓi ladansu. A lura da kyau, bai ce sadakarsu ba ta kai ga matalaucin ba. Ta kai. Yabon da suka nema ma sun samu, sai dai shi ke nan abin da za su samu.

A Haikali ya zauna daura da akwatin baiko yana kallon masu arziki na zuba kuɗi da yawa. Sai ga wata matalauciyar gwauruwa ta saka 'yan tsabar tagulla biyu. Ba wanda ya kula da ita sai shi, har ya kira almajiransa ya ce ta fi kowa bayarwa (Markus 12:41-44). Nassin bai ce ta ji wannan yabo ba. A misalin talantin nan kuma, wanda ya ci ribar biyar da wanda ya ci ribar biyu magana ɗaya sak ubangidansu ya yi musu, ya kira kowannensu bawan kirki mai aminci. Girman abin da aka ba su ya bambanta, yabon bai bambanta ba.

Wurin da ya fi taɓa ni shi ne ƙarshen Matiyu 25, labarin ranar shari'a. Sarki ya lissafa abin da masu adalci suka yi: abinci ga mai yunwa, ruwa ga mai ƙishi, masauki ga baƙo, sutura ga marar ita, duba marar lafiya, ziyarar ɗan kurkuku. Babu ɗaya a ciki da ke buƙatar digiri ko muƙami. Su kuma sai suka tambaya, yaushe muka gan ka muka yi maka haka? Wato ba su riƙe lissafi ba. Hidimar ta ɓoyu har ga su masu yin ta.

A daren da aka bashe shi, Yesu ya tuɓe mayafinsa, ya yi ɗamara da tawul, ya zuba ruwa a daro ya wanke ƙafafun almajiransa (Yohanna 13). Aikin bawan gida ne, shi ya sa Bitrus ya ƙi da farko. Waɗannan almajiran su ne suka taɓa yin gardama a hanyar Kafarnahum kan wane ne babba a cikinsu. Yahuza, wanda zai bashe shi, shi ma yana wurin, bai riga ya fita ba.

Ayoyi biyu da ake ganin sun yi karo

Masu kare ɗaukar bidiyo na da ayarsu, kuma aya ce ta gaskiya. A Matiyu 5:16 Yesu ya ce haskenku ya haskaka a gaban mutane don su ga kyawawan ayyukanku. A babi na gaba kuma, cikin wa'azi ɗaya, ya ce ku yi hankali kada ku yi ayyukanku na adalci a gaban mutane don su gan ku. To, a nuna ko a ɓoye?

Amsar tana ƙarshen kowace aya. Ta farko ta ƙare da cewa su ɗaukaka Ubanku da ke Sama. Ta biyu ta yi magana kan neman yabon mutane. Abin tambaya ke nan: in an gani, wa za a yaba? Ƙungiyar da ta karɓi kuɗin jama'a dole ta nuna inda kuɗin ya tafi, wannan riƙon amana ne. Bulus kansa, da ya tara gudummawa don tsarkaka na Urushalima, ya sa wakilan ikkilisiyoyi su raka kuɗin don kada a sami abin zargi (2 Korantiyawa 8:18-21). Sanar da mutane cewa akwai buƙata a wuri kaza, shi ma ba laifi.

Inda nake ganin an kauce shi ne lokacin da fuskar mabuƙaci ta zama kayan talla. A sa tsohuwa ta riƙe ƙunshin da aka ba ta, a ce ta kalli kamara, a ce ta sake godiyar don ta farko ba ta fito da kyau ba. Ta karɓi abinci, ta biya da mutuncinta, kuma ba ta da halin cewa a'a domin tana jin yunwa. Ga gwajin da ya fi kowace muhawara sauƙi: in aka ce yau ba waya, za a je? In za a je, kuma aikin zai yi kyau kamar da, to hoton ba shi ne ke jan keken ba. In kuwa tafiyar za ta fasu, an san wa ake yi wa hidimar.

Me ya sa ido ya koma kan bagadi?

Ɗabi'ar ɗan Adam ce tun fil'azal. Yakubu 2:1-4 ya riga ya koka da ikkilisiyar da ke ba mai zoben zinariya wuri mai kyau, ta ce wa matalauci ya tsaya can. Abin da zamani ya ƙara shi ne alƙaluma. Ana iya ƙirga mahalarta taro da masu bin shafi, amma ba a iya ƙirga haƙurin da uwa ta yi da yaro mai lalura, kuma abin da ba ya ƙirguwa ba ya shiga rahoton shekara. Akwai kuma wata koyarwa da ta yaɗu, wadda ke mayar da ɗaukaka a idon duniya alamar yardar Allah. Wanda ya sha irin wannan wa'azi shekara da shekaru, in ya ga har yanzu ba a san shi ba, sai ya ɗauka bangaskiyarsa ce ke da rauni. Sannan mu kanmu mun saba cewa wane "yana aikin Ubangiji" in fasto ne ko mai bishara, kamar dai ungozoma da direba da mai ɗinki aikin wani ubangijin suke yi. Kolosiyawa 3:22-24 kuwa bayi aka rubuta wa, waɗanda ke ƙasan kowa a daular Roma, aka ce musu su guji aikin ganin ido, domin Ubangiji Almasihu suke bauta wa.

Su wa suka ɗauki ikkilisiya a tarihi?

Rikicin farko da aka rubuta a cikin ikkilisiyar Urushalima kan rabon abinci ne. Ayyukan Manzanni 6 ya ce Yahudawa masu jin Helenanci sun yi gunaguni cewa ana manta da gwaurayensu a rabon kullum. Aka zaɓi mutum 7, kuma sharaɗin shi ne su kasance masu kyakkyawar shaida, cike da Ruhu da hikima. Don rabon abinci fa. Istifanas da Filibus mun san labarinsu. Sauran biyar, Burokoras da Nikanar da Timan da Barminas da Nikolas, ba a sake ambatonsu a Sabon Alkawari ba. Abin da ya biyo bayan naɗa su dai shi ne Maganar Allah ta yi ta haɓaka.

A Yafa, da Tabita ta rasu, gwauraye suka kewaye Bitrus suna kuka suna nuna masa riguna da tufafin da ta ɗinka musu (Ayyukan Manzanni 9:36-42). Ba a rubuta kalma ɗaya daga bakinta ba.

Bayan zamanin manzanni ma haka aka ci gaba. A wajen shekara ta 251, Karneliyus, bishop na Roma, ya rubuta cewa ikkilisiyar birnin na ɗaukar nauyin gwauraye da mabuƙata sama da 1,500, kuma a lissafin ma'aikatanta ya haɗa har da masu tsaron ƙofa. Wajen shekara ta 260, lokacin wata muguwar annoba, Diyonisiyus na Iskandariya ya ba da labarin yadda Kiristoci da yawa suka tsaya jinyar marasa lafiya, suka wanke gawawwaki suka binne, har cutar ta kama su suka mutu, alhali wasu na yar da 'yan'uwansu a kan hanya. Shaidar da ta fi ƙarfi kuwa daga bakin abokin gāba ta fito. A shekara ta 362, Sarki Yuliyanu, wanda ya bar Kiristanci yana son farfaɗo da bautar gumakan Roma, ya rubuta wa babban firist na Galatiya yana kokawa cewa Kiristoci na ciyar da matalautansu har da na arna. Ya gane cewa kirkinsu ga baƙi da kula da matattu ne ke yaɗa addinin, ya ba da umarni a kwaikwaye su. Waɗanda suka dafa abincin nan suka haƙa kaburburan nan, ba sunan ko ɗaya a wasiƙar.

A ƙarni na 6, ƙa'idar da Benedik ya tsara wa masu zaman sufanci a Italiya ta ce a riƙi kayan aikin gidan kamar tsarkakan kwanonin bagadi, kuma kowa ya yi makonsa a ɗakin girki, sai marar lafiya ko wanda wani muhimmin aiki ya riƙe. A 1522 Martin Luther ya rubuta cewa in uba ya wanke ƙyallen kashin jariri cikin bangaskiya, ko mutane sun yi masa ba'a, Allah da mala'ikunsa na farin ciki da shi. A Paris kuma akwai Ɗan'uwa Lawrence, tsohon soja mai ɗingishi, wanda ya yi wajen shekara 15 a ɗakin girkin gidan sufaye, aikin da ransa bai so ba tun farko, daga baya ya koma gyaran takalma har ya rasu a 1691. Ya koyi yin addu'a a cikin hayaniyar tukwane kamar yadda yake yi a durƙushe. Katolika da Furotesta sun yi saɓani kan abubuwa da yawa, amma a wannan batu bakinsu ya zo ɗaya.

Labarin da ake yawan juya wa ma'ana

A Janairun 1850 dusar ƙanƙara ta tare wani yaro ɗan shekara 15 a garin Colchester na Ingila, ya faɗa wata 'yar ƙaramar majami'a da mutanen ciki ba su wuce 15 ba. Mai wa'azin ranar bai samu zuwa ba, sai wani siririn mutum, mai kama da baduku ko tela, ya hau ya yi magana ta 'yan mintoci a kan Ishaya 45:22. Yaron ya tuba a ranar. Shi ne Charles Spurgeon, wanda daga baya dubbai suka riƙa cika majami'arsa a Landan. A labarin da ya bayar, bai ambaci sunan mutumin ba.

Ana son wannan labari, kuma akan rufe shi da cewa ka daure, wataƙila yaron da kake koyarwa zai zama babban mutum. Niyyar mai kyau ce, amma ina ganin tana sake dawo da mu inda muka fito. Ta mayar da darajar ƙaramin aiki rataye a wuyan shaharar wani. To, in yaran duka suka tashi talakawa masu tsoron Allah fa, an yi asara ke nan? Mutumin nan ya yi aminci ne tun lokacin da ya fito cikin ƙanƙara ya tsaya a gurbin da ba kowa, kuma da Spurgeon bai shigo ba, amincinsa bai ragu da komai ba. Dawuda ya kafa wannan ƙa'ida tun a 1 Sama'ila 30. Mutum 200 sun gaji suka tsaya da kaya a rafin Besor, 400 suka tafi yaƙi. Da aka dawo da ganima wasu suka ce kada a ba masu tsaron kaya, Dawuda ya ce rabonsu ɗaya, ya mai da shi doka a Isra'ila.

Abin da ke faruwa a zuciyar mai hidimar

Ƙarfe biyun dare, mai jinya ta tashi ta juya majinyacin zuwa ɗaya ɓarin don kada gyambo ya fito masa a baya. Ta taɓa zanen gado ta ji ya jiƙe. Ta mirgina shi a hankali, ta zare, ta shimfiɗa wani, ta shafa masa mai a ƙugu da diddige. Bayan awa biyu za ta sake. Ciwon ya taɓa harshensa, ko sannu ba ya iya ce mata. 'Yan'uwa kan zo da rana su tarar da shi fes, su ce ai jiki ya yi kyau, su tafi.

Irin wannan mutum ba riya ce ke barazana gare ta ba, ɗacin rai ne. Shi ne ciwon babban wa a misalin ɓataccen ɗa na Luka 15, wanda ya ce wa ubansa shekara da shekaru yana bauta bai taɓa ƙetare umarni ba, ko ɗan akuya ba a ba shi ba. Yana gida, yana aiki, amma a ransa ya zama ɗan ƙwadago mai bin bashi. Akwai kuma girman kai na ɓoye, inda mutum ke jin ya fi kowa domin shi ba ya nuna kansa. Maganin duka biyun yana cikin Afisawa 2:8-10: da alheri aka cece mu, ba da ayyuka ba, ayyukan kuma an shirya mana su ne mu yi zamanmu a cikinsu. Wanda ya san ba sayen ƙaunar Allah yake yi da wahalarsa ba, zai iya yin aikin ba tare da yana leƙen sakamako ba. Ibraniyawa 6:10 ta ce Allah ba marar adalci ba ne da zai manta da aikinku da ƙaunar da kuka nuna saboda sunansa.

Kuma gajiya ba zunubi ba ce. Yesu ya ce wa almajiransa su zo wurin da ba kowa su ɗan huta, domin ko sukunin cin abinci ba su samu ba (Markus 6:31). Yetro, surukin Musa, ya ce masa in ya ci gaba da ɗaukar shari'ar jama'a shi kaɗai zai gajiyar da kansa da su. Mai hidimar da ta ce "ku taimake ni" ba ta zubar da ladanta ba.

Inda ake mai da koyarwar makami

Wannan ne ɓangaren da aka fi yin shiru a kansa. Masu sukar wannan koyarwa na cewa da ita ake rufe bakin talaka da mace: ka yi haƙuri, ladanka na Sama. Suna da hujja. Rahoton Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya na 2018 ya nuna cewa mata ne ke yin kashi 76.2 cikin 100 na aikin kula da gida da jinya da reno wanda ba a biya a faɗin duniya, fiye da ninki uku na abin da maza ke yi. In wa'azin tawali'u kullum kan waɗanda suka riga suka sunkuya yake sauka, ba ya taɓa waɗanda ke zaune a sama, to an karkatar da shi. Ya zama kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Sai dai laifin ba na Nassi ba ne. A duba wa aka yi wa kowace magana. A Luka 17:10, bayin ne aka ce su faɗa da bakinsu cewa su bayi ne marasa amfani, abin da ya wajaba kawai suka yi. Ba a ba shugaba izinin ya faɗa wa na ƙasa da shi haka ba. Kuma a Luka 12:37 Yesu ya ce ubangidan da ya tarar da bayinsa a faɗake zai yi ɗamara ya zaunar da su ya yi musu hidima da kansa. Maganar wanke ƙafa da maganar zama bawan kowa, manzanni aka fara yi wa, su da za su shugabanci ikkilisiya.

Ga jama'a kuwa umarnin daban ne: ku gani, ku girmama, ku biya. Bulus ya ce gaɓoɓin jikin da ake ganin raunana ne su ne ba makawa sai da su, waɗanda ake ganin ba su da martaba kuma su ake ƙara wa martaba (1 Korantiyawa 12:22-23). Game da Abafaroditas, wanda ya kawo masa saƙo ya yi masa hidima har ya kusa mutuwa, ya ce wa Filibiyawa su riƙa girmama irin waɗannan. Wasiƙar Romawa, mai zurfin koyarwa, ta ƙare da gaisuwa ga mutum sama da 20. Bulus ya fara da Fibi, mai hidima a ikkilisiyar Kankiriya, ya ce a taimake ta da duk abin da take buƙata. Ya ambaci wata Maryamu da ta sha wahala dominsu, da mahaifiyar Rufas wadda ya ce shi ma uwa ce gare shi. Har Tartiyas, magatakardan da ya riƙe alƙalami, ya samu ya sa sunansa. Bulus bai ji tsoron cewa ambaton sunayensu zai lalata musu lada ba. Yabon gwani ya zama dole, sai dai ba gwanin ne zai nema ba.

A aikace wannan na nufin shugabanni su san su wa ke riƙe da aikin. Bayan an tashi sujada kowa ya watse, akwai mutum biyu da ke zaune suna warware kuɗin baikon da aka dunƙule, suna jerawa, lissafi ya ƙi daidaita da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, su sake ƙirgawa daga farko. Ya kamata fasto ya san sunansu, ya san tun yaushe suke yi, ya kuma tabbatar akwai masu karɓarsu. Aikin da mutum ɗaya ya riƙe shekara da shekaru ba hutu, alama ce ta sakacin jama'a ko da shi bai yi ƙorafi ba. A gida ma haka, 'ya'yan da suka bar wa ɗaya jinyar iyaye suna yi mata addu'a ta waya, a raba kwanakin a raba kuɗin magani.

Sai a bambance aikin sa-kai da aikin albashi. Wanda ya ba da lokacinsa da son ransa, baiko ya yi. Amma mai gadi ko mai shara ko direban da aka ɗauka da alkawarin biya, haƙƙinsa bashi ne a wuyan wanda ya ɗauke shi, ko majami'a ce ko gidan Kirista. Kubawar Shari'a 24:15 ta ce a biya matalaucin ma'aikaci kafin rana ta faɗi, domin a kan kuɗin ya sa rai. 1 Timoti 5:18 ta ce ma'aikaci ya cancanci ladansa. Yakubu 5:4 kuma ya ce haƙƙin masu girbin da aka danne yana kuka, kukan ya kai kunnen Ubangiji Mai Runduna. Ikkilisiyar da ke da kuɗin sayen sababbin lasifikoki alhali mai sharar harabarta na bin ta albashin watanni, ta fara biyan bashin nan kafin ta yi masa wa'azin hidima a ɓoye.